Lokacin allo da lokacin fartanya: hutu, sana'a da iyali a karatun addini

Karatun addini a ƙasar Katagum, kamar a sauran ƙasar Hausa, yana tafiya ne a kan lissafin lokaci iri uku da ba sa jituwa da juna. Lissafin wata shi ke kawo azumi da Sallah ƙarama da babba da Mauludi. Lissafin ruwan sama shi ke raba shekara zuwa damina, kaka, ɗari da bazara. Na ukun shi ne na gwamnati, mai zango uku da dogon hutun da kan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. A Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira ta jihar Bauchi, yaro ɗaya kan zama ɗan firamare da hantsi, ɗan Islamiyya bayan la'asar, ɗan makarantar allo bayan magariba, alhali kuma ɗan manomi ne da gona ke jira. Yadda za a raba ranarsa da shekararsa tsakanin karatu da hutu da aiki da zaman gida tambaya ce ta addini tun kafin ta zama ta ma'aikatar ilimi, domin kowanne daga cikin huɗun yana da haƙƙin da shari'a ta ba shi.

Mafi ƙanƙantar hutu a tsarin gargajiya shi ne na mako. Makarantar allo kan tashi ranar Laraba da yamma, bayan yara sun kawo wa malam kuɗin Laraba, kuma ba a sake ɗaukar allo sai Juma'a bayan la'asar, a wasu wuraren ma sai safiyar Asabar. Alhamis ita ce ranar wanki da aski da neman itacen karatun dare, ita ce kuma ranar da malam ke samun sararin kai ziyara ko leƙa kasuwa. Malaman Malikiyya na baya, cikinsu har da Nafrawi mai sharhin Risala, sun jingina wannan hutu ga Sayyidina Umar. Wai da ya dawo daga Sham, yaran makaranta suka fita taryensa nesa da Madina ranar Alhamis, suka kwana a hanya, suka shigo gari ranar Juma'a a gajiye, sai ya mayar da kwanakin biyu hutunsu. Labarin na littattafan fiƙihu ne, ba ya cikin manyan littattafan hadisi, amma aikin da aka ɗora a kansa ya bazu daga Ƙairawan har Borno da Sakkwato, kuma har yau yawancin Islamiyyoyi a kansa suke.

Hutun Sallah ma an tattauna shi tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, wato 870, ya ruwaito daga mahaifinsa a littafinsa Adabul Mu'allimina cewa a ba yara kwana ɗaya zuwa uku a ƙaramar Sallah, uku zuwa biyar a babba. Dalilin ƙayyadewar shi ne ana kallon malamin yara a matsayin wanda aka ɗauka aiki da lada, saboda haka lokacin karatu ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi, abin da ya wuce ƙa'ida sai da izinin iyaye. A aikace makarantun ƙasar Hausa sun fi wannan sassauci. Da yawa kan tashi tun cikin goman ƙarshe na azumi, ba a dawowa sai bayan Sallah da mako ɗaya ko biyu, kuma almajiran da suka zo daga nesa a irin wannan lokaci suke zuwa ganin gida, idan akwai kuɗin mota.

Akwai malaman da ba su ƙaunar dogon hutu ko kaɗan. Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya ɗauki katse karatu a matsayin annoba ga ɗalibi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya gargaɗi malamai a Muƙaddima kada su bar tazara mai tsawo tsakanin darasi da darasi a fanni ɗaya, domin farkon mas'ala kan ɓace kafin a zo ƙarshenta. Ga mai hadda abin ya fi tsanani, kuma hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya kwatanta kuɓucewar Alƙur'ani daga ƙirji da kuɓucewar raƙumi daga dabaibayinsa. Duk wanda ya san yadda allo ke aiki ya san dalili. Ba a wanke allo a yi sabon rubutu sai yaro ya biya na jiya ba gargada, kuma abin da aka wanke ba shi da wani mazauni sai kai. Yaron da ya kai izu goma ya ajiye tilawa na mako shida yakan dawo ya tarar surorin da suka yi kama da juna sun cakuɗe masa, ya fara aya a wata sura ya ƙarasa ta a wata.

A ɗaya ɓangaren kuma, Bukhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya ce haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi da su. Gazali a Ihya'u ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan an tashi daga makaranta, in ba haka ba zuciyarsa za ta mutu, basirarsa ta dusashe. Tsangaya ta daɗe da samun hanyar haɗa maganganun biyu ba tare da ta rubuta ta a takarda ba: hutu yana dakatar da ƙari ne, wato sabon darasi, amma ba ya dakatar da tilawa. Gardin kirki ko a ranar Sallah yakan zagaya da izunsa kafin ya fita yawon gaisuwa. Wannan rabewa tsakanin ƙari da tilawa ita ce mafi amfanin abin da tsohon tsari ya bari, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a muhawarar yau.

Babban hutun tsangaya kuwa ruwan sama ne ke yanke shi. A yankin Shira da Azare damina kan kankama cikin Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Da zarar an yi ruwan shuka, karatun hantsi ya tashi. Daga shuka sai noman firi, sai maimai, sai girbin gero, sai cirar gyaɗa da roron wake, har a kai ga dawa cikin Nuwamba. A cikin waɗannan watanni malami da almajiransa suna gona, ko dai gonar malam ko ta iyayensu, karatu ya koma na asuba da na dare kawai. Sai an ɗaure dami an zuba a rumbu, an fitar da zakka, sannan a shiga lokacin karatu sosai, wanda kan ɗauki wata shida ko bakwai. A nan ne malami ke kwasar yara ya tafi ci-rani wani gari, gardi kuma ya ɗauki allonsa da buzunsa ya nufi gabas. Ƙasar Katagum a kan hanyar take. Masarautar da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, wadda aka mayar da fadarta Azare a 1916, tana tsakanin Kano da Borno ne, kuma Borno ita ce matattarar gwanaye da duk mai son gyaran hadda da rubutu ke burin ya taka.

Hikimar wannan tsari ta tattalin arziki ce tun kafin ta zama ta tarbiyya. Da rani gidan manomi ba shi da aikin da zai ba yara maza, ga bakuna da yawa a kan rumbu ɗaya, saboda haka tafiyarsu karatu na sa hatsi ya kai damina. Da damina kuwa kowane hannu ana buƙatarsa. Dogon hutun tsangaya, ke nan, canjin aiki ne daga allo zuwa fartanya, kuma abincin da za a ci a yi karatun baɗi daga cikinsa yake fitowa.

Daren ɗari a tsangaya shi ne lokacin da karatu ya fi yin armashi. Bayan isha'i ana hura wuta da kara da itacen da ƙolawa suka ɗebo, a kewaye ta, kowa da allonsa a cinya yana karkata shi wajen haske, muryoyi na tashi kowa da inda yake, mai babbaƙu da mai farfaru da mai izu talatin. Gardawa ba sa zama cikin hayaniyar. Sukan ja gefe, wasu ma su fita bayan gari su kafa bukkokin kiskadi, su kwanta kaɗan su tashi cikin sulusin dare na ƙarshe. Wanda ya kai matakin satu yakan rubuta sumuni da ka a allo, ya kai wa alaramma a zaman darasu, sauran gardawa na saurare, a gyara masa wasali ko ɗigo ɗaya da ya kuskure. Wannan aiki yana son dare mai tsawo da jikin da bai wuni yana noma ba, shi ya sa ba a yin sa da kyau cikin Agusta.

Gardi ba ya bara, sana'a yake yi: ɗinkin hula, wanki da guga, yankan farce, ga-ruwa, dako ko ƙwadagon gini. Matsayin neman halal kusa da neman ilimi tsohon zance ne a wurin malaman ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Tanbihus Sahib a kan hukunce-hukuncen sana'a da neman abinci, ana kuma ruwaito cewa mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yakan tufka igiya don ya ci daga guminsa. A zamanin sahabbai an ga hanyoyi biyu. Abu Huraira ya lazimci Annabi a kan abin da zai cika cikinsa kawai, ya kuma bayyana cewa yawan hadisinsa ya zo ne daga nan, domin kasuwa ta ɗauke hankalin Muhajirai, gonaki sun ɗauke na Ansar. Umar kuwa yarjejeniya ya yi da maƙwabcinsa Ba'ansare: yau wannan ya je majalisar Annabi, gobe wancan, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa labari. Fiƙihu ya sasanta hanyoyin ta raba ilimi gida biyu. Sanin tsarki da salla da azumi da hukuncin sana'ar da mutum ke yi farilla ce a kan kowa, ba gona ko kasuwar da ke sauke ta. Haddace Alƙur'ani duka da zurfafa a fiƙihu da nahawu farillar kifaya ce, idan wasu suka tsaya mata ta sauka daga kan saura. Ciyar da iyali kuma wajibi ne a kan mai iyali shi kansa, don haka idan ya ci karo da farillar kifaya shi ake gabatarwa.

Makarantar zaure an gina ta ne daidai da wannan fahimta. Bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha'i, tela da mahauci da malamin firamare da mai shago kan zauna a zauren malam, kowa da littafinsa. Wani yana Ahalari, wani Ishmawi ko Iziyya, wani ya kai Risala ko Askari, ƙalilan suna Mukhtasar. Mutum ya karanta layi uku ko huɗu, malam ya fassara ya yi bayani, ya rufe littafi ya tafi neman abinci, ko ya zauna ya saurari na wasu idan yana da sarari. Ba rajista, ba jarrabawa, kuma wanda tafiyar kasuwanci ta ɗauke shi wata biyu yakan dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Tafiyar ba ta da sauri, Risala kaɗai na iya cin shekaru, amma ba ta tilasta wa magidanci zaɓi tsakanin littafi da cefane. Da azumi akan rufe waɗannan littattafai a koma tafsiri, galibi da Jalalaini, da karatun Ashafa ta Alƙali Iyal, a watan Mauludi kuma Ishiriniya ta karɓi dare.

Haƙƙin iyali shi ne ɓangaren da aka fi tauyewa, wataƙila don masu shi ba su cika magana a zaure ba. Nassoshin a bayyane suke. Maliku ɗan Huwairis da wasu samari tsaransa sun zauna wurin Annabi kwana ashirin suna koyo, da ya lura sun yi kewar gida sai ya sallame su, ya umarce su su koma su zauna cikin iyalansu su koya musu. Salmanul Farisi ya tarar da matar Abud Darda'i a hargitse saboda mijinta ya duƙufa azumi da tsayuwar dare, sai ya sa shi ya karya azumin nafila ya kuma yi barci, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa na da haƙƙi a kansa, Annabi ya gaskata Salmanu. An ruwaito cewa Umar, bayan ya tambayi 'yarsa Hafsa, ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa. A mazhabar Malikiyya macen da miji ya tafi ya bari ba ci ba sha tana da damar kai ƙara gaban alƙali, kuma tafiya neman ilimi ba ta cikin abubuwan da ke sauke ciyarwa. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya soki malaman zamaninsa da ke wuni suna karantar da ɗalibai a waje alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin tsarki ba.

Idan aka auna al'adar tafiya karatu da wannan ma'auni, za a ga inda ta tsaya daidai da inda ta karkace. Saurayin da ba shi da nauyin kowa, ya tafi gabas bayan kaka ya dawo da ruwan fari, bai tauye kowa ba. Magidancin da ya bar rumbu cike ya kuma sanar da ranar dawowarsa shi ma haka. Wanda ya bar mace da goyo da mudu biyar na gero, ya ce Allah zai kawo, matar ce ke biyan kuɗin karatunsa da surfe da daka da dogaro da 'yan'uwanta, ba tare da an nemi yardarta ba. Haka yaro ɗan shekara shida da aka kai birni mai nisa, ba a aika masa da komai, ba ya ganin uwarsa sai shekara-shekara. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan da ake tura yaran, ta ɗora wa uba ciyar da ɗansa har ya balaga. A tsohon tsari damina ce ke tilasta dawowa gida, amma da makarantu suka zauna dindindin a manyan birane inda malam ba shi da gona, sai wannan dawowar ta daina zama dole.

Wannan ja-in-ja ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Yahudawa, waɗanda su ma suka ɗauki karatun littafi a matsayin ibada, sun tattauna ta a Talmud, babban littafin fiƙihunsu, fiye da shekara 1,500 da suka wuce, kuma tattaunawar ta yi kama da tamu ƙwarai. Rabbi Isma'il ya ce a haɗa karatun Attaura da noma, kowanne a lokacinsa. Rabbi Shimon bar Yohai ya ce idan mutum ya bi huɗa da shuka da girbi da sussuka ba abin da zai rage wa karatu. Wani malami na baya, Abaye, ya lura cewa da yawa sun bi hanyar farko sun dace, da yawa sun bi ta biyu ba su dace ba. Raba, shugaban makarantar Mahoza a ƙasar Iraƙi ta yau, wanda ya rasu wajen shekara ta 352, yakan hana ɗalibansa zuwa wurinsa a watannin Nisan da Tishri, lokacin girbi da matsar inabi, don kada neman abinci ya dame su sauran shekara. Makarantun Sura da Pumbedita kuma sun ware watannin Adar da Elul, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, don manoma da 'yan kasuwa su taru daga ko'ina a yi bitar abin da kowa ya karanta a gida. Musa bin Maimun, likita kuma babban malaminsu da ya rasu a Masar a 1204, ya yi kakkausar suka ga mai barin sana'a ya rayu da sadaka da sunan karatu.

Ta fuskar iyali, Mishna, matanin da Talmud ke yi wa sharhi, ta ba ɗalibi mai aure kwana talatin kacal ya yi tafiyar karatu ba da izinin matarsa ba, ko da yake malaman baya sun faɗaɗa wa'adin zuwa shekaru. A daidai wurin da aka faɗaɗa ɗin Talmud ya kawo labarin Rab Rehumi, ɗalibin Raba, wanda ba ya zuwa gida sai jajiberin ranar kaffara ta Yom Kippur. Wata shekara karatu ya ɗauke masa hankali bai zo ba, matar na jira har hawaye ya zubo mata, sai rufin da yake zaune a kai ya rufta ya mutu. Masu tsara littafin sun ba da izinin, suka kuma ajiye labarin kusa da shi.

Makarantun addininsu na yau, da ake kira yeshiba, suna da manyan hutu uku: kusan dukan watan Nisan, mako uku daga tara ga watan Ab zuwa farkon Elul, da kuma daga Yom Kippur zuwa ƙarshen Tishri. Shugabannin makarantun kan yi ta jan kunnen ɗalibai kada hutun ya zama na watsar da littafi, har akan buɗe zaman karatu na 'yan sa'o'i a majami'un unguwa. Ga masu aiki kuma, Rabbi Meir Shapiro ya kawo tsari a 1923 na karanta warƙa ɗaya ta Talmud kowace rana, ba hutu ba fashi, a gama warƙoƙi 2,711 cikin shekara bakwai da kusan wata biyar. An kammala zagaye na 13 a Janairun 2020. Mai izu biyu kullum, da ke sauke izu sittin duk wata, zai gane dabarar. A Isra'ila kuwa, inda maza da yawa na al'ummar Haredi, masu tsananin riƙon addini, ke ci gaba da karatu cikakken lokaci bayan aure, mata sun fi maza fita aiki a wannan al'umma, kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin karatun batu ne da ake ta ce-ce-ku-ce a kansa a majalisa da kotu.

Akwai bambanci guda tsakaninmu da su da ke da tasiri a aikace. Kalandar Yahudawa tana ƙara wata ɗaya sau bakwai a cikin kowace shekara 19, saboda haka watanninsu ba sa barin yanayin da aka san su da shi. Shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, azumi na zagaya dukan yanayi cikin kusan shekara 33. A 2012 da 2013 ya faɗo cikin Yuli da Agusta, tsakiyar noma da dogon hutun boko, manomi na maimai da ƙishirwa, zauren tafsirin rana ya rage jama'a. A 2025 ya fara ne a farkon Maris, cikin zafin bazara da tsakiyar zango na biyu. Ba a iya tsara jadawali ɗaya a ce ya zauna har abada, kowace 'yan shekaru sai an sake lissafi.

Azumin 2025 ɗin ya fito da matsalar fili. Gwamnatin jihar Bauchi ta daidaita kalandar makarantu yadda firamare da sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu, suka rufe kimanin mako biyar daga ƙarshen Fabrairu, Kano da Katsina da Kebbi ma suka ba da hutun azumi. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta soki matakin, tana nuni da yaran da ba sa azumi da kuma yawan waɗanda ba sa zuwa makaranta a waɗannan jihohi. Masu goyon baya suka kawo hujjar zafi, wanda a yankin Azare kan kusanci digiri 40 a wannan lokaci, da cewa hutun an matso da shi ne daga wani wuri. Ta fuskar fiƙihu azumi bai hana karatu ba, a tarihin zaure ma watan canza littafi ne. Hujjar zafi da gajiyar yara a aji mai cunkoso ita ce mai ƙarfi, kuma hujja ce ta maslaha wadda ake aunawa da abin da 'yan ajin ƙarshe za su rasa gab da jarrabawar WAEC da NECO.

Dogon hutun boko na Yuli zuwa Satumba ya zo wa manomin Shira daidai, tunda ya faɗo lokacin maimai da farkon girbi. A cikin Azare, inda 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa ba su da gonar zuwa, hutun ya zama fili da kowa ke zawarci. Islamiyyoyi da makarantun tahfizi kan mayar da karatu safe da yamma, a shirya daura ta mako uku ko huɗu don ƙara hadda ko shirin musabaƙa, gasar da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana tara ɗalibai a sansanin karatu lokacin hutu. Ga kuma darasin share fage na makarantun kuɗi, ga uban da ke son yaro ya zauna a shago ko ya koyi ɗinki ko gyaran waya. Sakamakon shi ne wani yaron ya fi gajiya a hutu fiye da lokacin makaranta, kuma ziyarar kakanni a ƙauye, wadda sada zumunci ce da addini ya yi umarni da ita, ita ake fara sokewa. 'Ya mace kuwa hutunta kan ƙare a wanke-wanke da raino da talla, kodayake a Islamiyyoyi da yawa 'yan mata sun fi maza yawa da naci, matan aure kuma sun samu makarantun dare da na Asabar da Lahadi.

Sauye-sauyen baya-bayan nan sun taɓa tushen tsohon lissafin. Noman rani da injin ban-ruwa a fadamun kogin Jama'are ya sa watannin da a da ba aikin gona yanzu akwai shinkafa da alkama da kayan lambu, saurayin da zai tafi gabas yana da abin da zai riƙe shi a gida. Wayar hannu ta sa mai shago na sauraron tafsiri yana awo, ta kuma sa uwa na iya jin muryar ɗanta da ke tsangaya mai nisa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashe almajirai zuwa jihohinsu na asali, da yawa kuma suka koma bayan an sassauta. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 an tsara su ne su haɗa allo da darussan boko, wanda ke nufin bin zangunan gwamnati, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Tsangayun ƙauyukan Shira da Giade da Jama'are, waɗanda malamansu ke ci daga gonakinsu, har yanzu da ruwan shuka suke rage karatu, su dawo da shi cikakke bayan an kai dawa rumbu.